Tsakar Gidan Sufayen da Na Yi Aiki a Faransa

A Abijan aka fara cuta ta, a bakin teku, da rana tsaka, kuma ni da hannuna na miƙa kayan.

Ni magini ne, mutumin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi. A Funtuwa na koyi aikin bulo da siminti, lokacin da ake ta gina manyan ɗakunan ajiye auduga. Daga nan na tsallaka Maraɗi, na yi shekara biyu a hannun wani Bafaranshe ɗan kwangila, na tsinci ɗan Faransancin da ba za a zage ni in yi godiya ba. A can na haɗu da Ɗanladi, wani dogo mai haƙorin Makka da daɗin baki. Shi ya ce mani a Faransa ana neman magina ruwa a jallo, wai tun a bakin jirgi ake tarbar su. Ba mu daɗe da samun mulkin kai ba a lokacin, kowane saurayi gani yake an buɗe mashi ƙofar duniya. Na bi shi, mota zuwa Yamai, mota zuwa Wagadugu, jirgin ƙasa har Abijan.

Ranar da za mu shiga jirgin ruwa sai ya jawo ni gefe.

"Malam Audu, wannan fasfo naka na 'yan Ingilishi ba zai yi maka rana a can ba. Kawo in riƙe maka, ga wannan."

Ya miƙo mani katin shaida na wani mutumin Nijar. Na duba hoton, na ga mai faɗin fuska ne, har da tsage a kumatu.

"Ai wannan ba ni ba ne."

"Bature ba ya rarrabe fuskokinmu. Hau kawai. Akwatin kayan aikinka kuma ɗakin kaya za a kai shi, ni zan biyo ta ƙofar baya."

A cikin akwatin nan akwai cokalin ginina, da gudumata, da igiyar awo, da ma'aunin ruwa da na yi wata da watanni ina burin mallaka. Jirgi ya yi kuka, aka janye tsani, ina leƙe ta bakin ƙarfe sai na hango Ɗanladi a ƙasa yana tafiya a hankali, wani ɗan dako na biye da shi da akwatina a ka. Ko waiwaye bai yi ba.

Kwana goma sha wani abu muka yi a ruwa, a can ƙasan jirgi inda injin ke gunji. Amai na yi ta yi har ba abin da ya rage a cikina. Wata tsohuwa 'yar Senegal da za ta je wurin ɗanta ita ta riƙa matsa mani lemun tsami a baki, ba ta jin yarena, ba na jin nata. In na tashi salla ban san gabas ba, sai in kalli inda rana ta fito in yi niyya, kafin in sallame jirgi ya juya da ni.

Da muka sauka Marsai, mai duba takardu ya kalli katin, ya kalle ni, ya buga hatimi. Abu ɗaya ke nan da Ɗanladi ya faɗa ya zama gaskiya. Adireshin da ya rubuta mani kuwa, na yi wuni guda ina nema. Titin yana nan, amma inda lambar gidan ya kamata ta kasance fili ne, an rushe shi tuntuni, har ciyawa ta fito. Na zauna a kan wani dutse da ƙunshin tufafina, ban san sanda na ce da ƙarfi ba, "Wayyo ni Audu, na shiga uku!"

Sai na ji an ce a bayana, "Kai, wa ya shiga uku a nan da ranar Allah?"

Wani dattijo ne baƙi, riƙe da tsintsiyar sharar titi, yana ɗingishi. Sunansa Isufu, mutumin Tasawa, tsohon soja ne da ya yi wa Faransa yaƙi bai koma gida ba. Na ba shi labari, ya girgiza kai, bai yi mani faɗa ba. Ya ce, "Taho ka ci tuwo tukuna, kuka na iya jira." Tuwon garin alkama ne da miyar tumatir, a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa da mutum tara ke kwana. Ban taɓa cin abin da ya yi mani daɗi kamarsa ba.

Isufu ya samo mani dako a tashar jiragen ruwa. Ranar farko da aka buɗe cikin wani jirgi, wani ƙamshi ya bugi hancina. Gyaɗa ce, buhu kan buhu, daga ƙasarmu, za a kai masana'antar mai da sabulu. Wani buhu ya yage, ta zube. Na durƙusa na ɗebi cikin hannu, irin jar gyaɗar nan ce da ake nomawa daga Dayi har Musawa. Na jefa ɗaya a baki, hawaye suka zubo. Shugaban lebura ya daka mani tsawa wai ina sata.

Wata huɗu na yi a nan. Wata rana shugaban ya riƙe katina ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a kumatuna inda ba tsage, ya yi murmushi. Da na gaya wa Isufu sai ya ce, "Bar garin nan. Yanzu lokacin tsinkar inabi ne a ƙauye, can ba mai tambayar takarda."

Haka na bi wata motar 'yan Sipaniya muka nufi cikin duwatsu. Mako uku muna sunkuye muna yanka da 'yar wuƙa, hannu ya yi baƙi, baya ya ƙage. Sai daga baya na gane giya ake yi da shi, na yi ta istigfari. Da aiki ya ƙare, direban da zai kai mu tashar jirgin ƙasa ya ce ya ji jandarmomi, 'yan sandan can, sun tare hanya, ba zai ɗauki mai katin wani ba. Ya bar ni a bakin titi, suka wuce.

Kwana uku ina tafiya a ƙasa, ƙauye zuwa ƙauye, ina neman aiki. Karnuka suka fi mutane amsa mani. Wata mata ta jefo mani rabin burodi ta taga ba tare da ta buɗe ƙofa ba, na ɗauka na gode mata, don ita kaɗai ta yi ko wannan. A rana ta uku da la'asar ruwa ya sauko mai sanyi kamar allura. Na hango wata tsohuwar katanga a cikin kwari, da wata ƙofa ba ƙyaure, na ruga na faɗa ciki.

Da na ɗaga kai sai na ga tsakar gida ce. Fili mai kusurwa huɗu, rijiya a tsakiya, kewaye da baranda ta dutse. Gefe biyu suna tsaye da ginshiƙai bibbiyu, kowane biyu ɗauke da bakan gizo na dutse. Gefe biyu kuwa wayam, kamar bakin tsoho, sai gindin ginshiƙai da ƙaya. Duk da yunwa da sanyi, magini ne ni, sai da na sa hannu na shafa. Ba siminti ko kaɗan, amma ko allura ba ta shiga tsakanin dutse da dutse.

Can na ji nishi. Wani tsoho ne fari fat da gashin baki, ya sa ƙarfe ƙarƙashin wani dutse yana ƙoƙarin ɗora shi kan katako, dutsen na zamewa. Na je na gyara mashi matashin ƙarfen, na sa kafaɗa. Dutse ya hau. Ya tsaya yana haki yana kallona.

"Wa ya koya maka sa matashi haka?"

"Aikina ne."

"Ina kayan aikinka?"

"An sace."

Ya kalli takalmina da ruwa ya jiƙa, ya ce, "Ka ci abinci?"

Sunansa Anri. A can in za ka girmama namiji sai ka ce mashi Mushe, ni kuwa bakina ya ƙi kiran mutumin kirki da wannan suna. Da na bayyana mashi abin da mushe ke nufi a wurinmu, ya yi dariya har da tari. Daga ranar Baba Anri nake ce mashi, kuma ya amsa.

Ya kai ni gidansa a bakin ƙauyen. Matarsa, Madam Roza, ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta ja da baya har ta bugi kujera. Suka yi 'yar gardama ƙasa-ƙasa, sannan ta zubo miya. Na ga nama a ciki, na tambaya, aka ce alade ne. Na ce a yi haƙuri, burodi ya ishe ni. Ta ɗaure fuska ta ɗauke kwanon, na ce shi ke nan, na ɓata. Washegari sai na tarar ta sayo sabuwar 'yar tukunya, ta ɗaura jan zare a hannunta, ta nuna ta, ta nuna ni. Har na bar gidan nan ba a taɓa sa wani abu a tukunyar ba sai wake da dankali da kaza.

Baba Anri ba mai yawan magana ba ne sai an zauna cin abincin rana. A bakin rijiyar muke zama, da burodi da cuku da albasa, a nan ya riƙa ba ni tarihin wurin, kaɗan yau kaɗan gobe, daidai yadda Faransancina zai ɗauka.

Ya ce sama da shekara ɗari takwas da suka wuce kwarin nan daji ne. Sai wasu masu ibadar Kirista suka zo, mutanen da suka bar aure da dukiya don bautar Allah, irin waɗanda za mu kira sufaye. Suka sare daji, suka yi gona, suka gina coci, suka gina wannan tsakar gida a jikinta. Ita ce zuciyar gidan. Ƙofar ɗakin kwana, da ta ɗakin cin abinci, da ta ɗakin shawara, duk cikinta suke buɗewa. A barandar suke zagayawa suna karatu ba magana, a nan ake yi masu aski, kuma ba mai shiga cin abinci sai ya tsaya ya wanke hannu a bakin ruwa. Na ce mashi ai mu ma gidan da ba tsakar gida ba gida ba ne. Ya nuna mani wasu 'yan alamomi a jikin duwatsun, ya ce kowane magini na da yana da tasa, don a san aikin wane ne. Akwai wata mai kama da fartanya, duk inda na gan ta aikin ya fi kyau. Na riƙa gaishe shi a raina.

"To, me ya ci wurin?" na tambaya.

"Mutane, ba ruwa ba."

Ya ce da farko sarakuna suka yi ta ba su gonaki har suka yi arziki, ibada ta yi sanyi, yawansu ya ragu. Sannan aka yi wani dogon yaƙi tsakanin Kiristocin su da kansu, aka shigo aka ƙona rufin. Aka gyara. Sai lokacin da talakawan Faransa suka tashi suka kawar da sarauta, aka kori 'yan sufayen da suka rage, aka yi gwanjon gidan. Wanda ya saya bai ga komai a ciki ba sai duwatsun da aka riga aka sassaƙa. Duk mai son yin dokin ƙofa ko katangar garke sai ya zo da amalanke. Abin da ya rage aka mai da shi turken dabbobi. Daga baya, Baba Anri yana yaro, wani ɗan kasuwa ya zo daga Amurka ya kwashe mafi kyawun ginshiƙan, aka sa su a akwatuna aka tsallaka teku da su, suna can wani gidan tarihi. Yanzu gwamnati ta farka ta ce a tattaro abin da za a iya samu, aka ba shi aikin shi kaɗai.

"Dokin ƙofar gidana da kake takawa kullum, daga nan ya fito," in ji shi. "Kakan kakana ya ɗauka. Ni kuma nake maidowa."

Rabin aikinmu ke nan, yawon neman duwatsu. Mun ciro ginshiƙi daga rumfar inabi, mun ciro wani daga cikin murhu ya yi baƙi ƙirin. Wasu su bayar da daɗin rai, wasu sai an yi ta jeka-ka-dawo. Wanda ya fi ba mu wuya wani manomi ne a kan tudu, sunansa Gasto. Yana da kan ginshiƙi guda, an kifa shi an fafe gindinsa, kajinsa na shan ruwa a ciki. Sau uku Baba Anri ya je, sau uku ya dawo hannu biyu.

"Kakata ta shayar da kaji a ciki, uwata ma haka," in ji Gasto. "Gwamnati ta zo da kanta ta ɗauka in ta isa."

A zuwa na huɗu na raka shi. Suna ta musu, ni kuwa idona na kan katangar gonarsa da ruwan sama ya zubar, ƙasa na gangarowa. Na tuna gida, inda in katangar mutum ta faɗi ba a jiran ya roƙa. Na ce wa Baba Anri ya ba ni kwana shida. Na ɗaga katangar da dutse zalla, na sassaƙa wa kajin sabon komi. Duk kwanakin nan Gasto na tsaye da lofe a baki yana kallona. Ran ƙarshe ya zo ya ture katangar da ƙafa, ta ƙi motsi. Ya shiga gida ya fito da kwalbar zuma ya cusa mani a aljihu, sannan ya ɗaura wa alfadarinsa amalanke. Da kansa ya kai mana dutsen.

Ni aka ba aikin wanke shi. Na sa ruwa da burushi ina cire kashin kaji da gansakuka, a hankali siffa ta fara fitowa. Mutum ne a sunkuye, lauje a hannun dama, damin alkama a hagu. Yatsunsa duk suna nan, har da farce. Fuskar ce babu. Na sa yatsa a wurin, na gane ba faɗuwa ya yi ba. Guduma ce, bugu uku, na hannu mai ƙarfi.

"Wa ya yi wannan?"

Baba Anri ya leƙo. "Lokacin yaƙin addinin nan ne. Samari ne, sun shigo da guduma suna bin fuskoki. A ganinsu aikin Allah suke yi."

Na ajiye burushin. Na kasa ci gaba.

Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, don shi ne ainihin abin da ya fitar da ni daga gida, ba neman aiki ba. Ubana Jatau Bamaguje ne, shi ne sarkin noman unguwarmu, kuma sunan da ya raɗa mani Nomau. A Funtuwa na musulunta a hannun maigidana, na zama Audu, kuma har gobe ina gode wa Allah da wannan. Amma da na koma Ƙarfi da kaka, jinina na tafasa. Ubana na da wata tsohuwar tukunya a gindin tsamiya bayan rumbu, inda yake yanka jan zakara kafin shuka, ta ubansa ce, ta kakansa ce. Ranar an yi mashi gayya, mutane cike da gida ana cin tuwo. Na ɗauko gudumata, a gaban matansa da maƙwabtansa da surukansa, na farfasa ta. Ubana ya taso a hankali, ya dube ni ya ce, "Ka gama?" Sannan ya durƙusa, dattijo mai furfura, yana tsince gutsattsarin yana zubawa a rigarsa.

Na koma Funtuwa ina jiran yabo. Maigidana ya ji, ya kira ni ya ce, "Wa ya aike ka? Addinin da na koya maka cewa ya yi ka kyautata wa iyaye ko ba sa salla. Ba ka kira shi ba, ba ka lallashe shi ba, ka tozarta shi a gaban baƙinsa." Kunya ta hana ni komawa Ƙarfi, ta hana ni zaman Funtuwa. Shi ya sa na tsallaka Maraɗi.

Duk wannan na kwashe na gaya wa Baba Anri a bakin rijiya, da guntun Faransanci da nuni da hannu. Shi ba mai zuwa coci ba ne, ban san yadda zai ɗauka ba. Ya daɗe yana murza gashin baki.

"Yana da rai?"

"Ban sani ba. Shekara uku ke nan."

"Wanda ya bugi wannan dutse ya mutu, wanda ya sassaƙa shi ya mutu, ba mai haɗa su. Kai kuwa jirgi kawai za ka hau."

Na ce, "Baba, ko mu sassaƙa mashi sabuwar fuska?"

"A'a. Ba mu san yadda take ba, ƙarya za mu yi. Za mu dai tsai da shi a wurinsa."

Sai hunturu ya shigo, irin wanda ban taɓa jin labarinsa ba. Ƙanƙara ta rufe tsakar gidan fari fat, ruwan guga ya daskare, farar ƙasar da muke kwaɓawa ta ƙi kamawa, aiki ya tsaya. Yatsuna suka tsattsage, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da ni mako biyu. Madam Roza ta riƙa gasa bulo a murhu tana naɗewa da tsumma tana sa mani a ƙafa. Ranar da na fara miƙewa ta buɗe wani akwati ta ciro babbar kwat ta ulu, ta yafa mani, ta gyara wuyan, ta juya da sauri ta fita. Baba Anri ya ce ta ɗansu ce tilo, wanda aka kai yaƙin Aljeriya bai dawo ba. Tun da aka kawo kayansa ba ta buɗe akwatin ba.

Azumi ya same ni a wannan sanyi. Da ba don 'yar wasiƙar da Isufu ya aiko mani ta gidan waya ba, da ban san wata ya kama ba. Ni kaɗai nake yi a duk ƙauyen, ba kiran salla, ba kunu, ba ƙosai. Madam Roza ta ce wannan hauka ne ga mai ciwon ƙirji, amma kullum da yamma sai ta tsaya a taga tana gadin rana. Da ta faɗa bayan dutse sai ta buga cokali a jikin tukunya ta ce, "Odu, ta tafi, zo ka ci!"

Da sanyi ya sake mu muka koma aiki, muka fara ta da gefen yamma. Muna cikin haka wata safiya jandarmomi biyu suka shigo a kan kekuna, suka ce in kawo takarda. Na miƙa katin. Babban ya fara karanta sunan da ke jiki, sai na ji na gaji da zama wani mutum.

"Ba ni ba ne," na ce. "Sunana Audu, daga Najeriya nake. Cuta ta aka yi."

Suka ce in biyo su. Baba Anri ya jefar da cokalin gini ya tsaya a bakin ƙofa, tsoho mai tari, ya ce in za a tafi da ni sai a zo da wanda zai ɗaga mashi duwatsu. Aka ɗunguma ofishin magajin garin. Kafin azahar ƙauye ya ji. Ina zaune a kan benci sai ga Gasto ya shigo da takalmansa duk taɓo, ya buga tebur ya ce duk wanda ke shakkar mutumin nan ya je ya ture katangar gonarsa ya gani. Aka yi ta buga waya. A ƙarshe aka ce ba za a kulle ni ba, amma dole in bar ƙasar. Magajin gari ya roƙa aka ba ni har ƙarshen bazara.

Mun gama bakan gizo uku kafin wa'adin. Na tsakiya shi ke kan mutumin mai lauje. Ranar da za a sa dutsen ƙarshe na tsakiyar bakan, Baba Anri ya ce ni zan hau. Na saka shi, na buga a hankali ya zauna. Bayan kwanaki muka zare katakon da ke tallafe da shi, ina riƙe da numfashi. Bai motsa ba. Baba Anri ya cire hularsa ya tsaya a ƙarƙashi yana kallo, sai ya dafa kafaɗata ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Gefe ɗaya da rabi na tsakar gidan har na taho wayam suke, kuma ya ce haka za su zauna, don duwatsunsu na bayan teku.

Na mai da wa Madam Roza kwat ɗin, na ce a garinmu ba ta da amfani. Ta karɓa ta rungume, ta ce in gaida uwata. Ban sake ganinsu ba. Na sa an rubuta masu wasiƙa sau biyu, amsa ɗaya ta zo, da rubutunta, cewa tari ya tafi da Baba Anri a hunturun da ya biyo.

Jirgin ruwa ya sauke ni Ikko, jirgin ƙasa ya kawo ni Funtuwa, motar auduga ta kai ni Malumfashi, na ƙarasa Ƙarfi a ƙasa. Dawa ta fara kai gwiwa. Yaran unguwa ba su san ni ba. Uwata na tsakar gida tana surfe, ta gan ni, taɓarya ta faɗi daga hannunta, ta toshe baki, ta nuna mani wajen rumbu da ido.

Ubana na zaune a kan buzu a inuwar rumbu, ya rame, idanunsa sun yi fari. Na cire takalmi na durƙusa nesa kaɗan.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Nomau."

Ya karkato kai. "An ce mani Audu kake yanzu."

"Audu nake. Amma wanda ka raɗa mani ma nawa ne." Na sunkuyar da kai. "Baba, na ci mutuncinka a gaban mutane. Ba addinina ya sa ni ba, rashin hankalina ne. Ka yafe mani."

Ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa jikin rumbun da ke bayansa, ya yi ƙarar abin da ya fashe.

"Wannan ya tsage tun bara, ɓera na shiga. An ce kai magini ne, har ƙasar Turawa."

"Haka ne, Baba."

"To, ƙasar kwaɓi na nan inda ka san ta."

Washegari da sassafe na haƙo jar ƙasa, na zuba ciyawa, na shiga da ƙafa ina takawa. Sai ga shi ya taho yana lalube da sanda. Ya durƙusa, ya cusa hannu cikin kwaɓin, ya murza tsakanin yatsu.

"Ruwa ya yi yawa," in ji shi. "Me suka koya maka a can? Matsa in nuna maka."

Na matsa mashi.